Blood: Wasan Da Masu Shi Suka Watsar, Masoyansa Suka Raya

Mu da muka shiga harkar kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990, muna gyaran injuna muna saka wa mutane manhaja, mun ga zamanin da wasannin harbi suka yi tashe. Doom na kamfanin id Software ne ya share fage a 1993, sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau in ana hirar wancan lokaci, Doom da Quake da Duke Nukem 3D ake ambata. Amma akwai wanda ba a ba shi haƙƙinsa ba, shi ne Blood, wanda kamfanin Monolith na jihar Washington a Amurka ya fitar a 1997.

Tauraron wasan sunansa Caleb, ɗan bindiga ne da ya yi wa wata ƙungiyar asiri mai suna Cabal hidima, abin bautarsu Tchernobog ya ci amanarsa, shi kuma ya taso daga kabari don ɗaukar fansa. A maƙabarta ake farawa, ba ka riƙe da komai sai cokalin kwasar ciyawa mai yatsun ƙarfe. Daga nan sai bindiga mai harba wuta, da nakiya, da gwangwanin feshi da ake kunna wa wuta, har da 'yar tsanar tsafi. Ba wasan yara ba ne, kuma ban taɓa saka wa yaro shi ba.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne yadda ya haɗa tsoro da gudu. 'Yan ƙungiyar asirin nan masu dogayen riguna ba sa ɓata harsashi. Ka leƙo da gaggawa, ka faɗi. Dole ka koyi durƙusawa, ka kasa kunne, ka jefa nakiya ta bayan kwana kafin ka shiga ɗaki. Wanda ya haye matakin wasan da ake bugawa a cikin jirgin ƙasa, yana ratsa tarago bayan tarago jirgin na sheƙa gudu cikin dare, ba zai manta da shi ba.

An gina Blood a kan Build, manhajar ƙira da Ken Silverman ya rubuta yana matashi, wadda ita ce ta ɗauki Duke Nukem 3D a 1996 da Shadow Warrior a 1997. A Build, dodanni hotuna ne shafaffu da ake juyawa gwargwadon inda ka tsaya, amma bango yana motsi, yana tsagewa idan nakiya ta tashi. Ga shi ba ya wahalar da inji, shi ya sa tsofaffin kwamfutocin da suka zo hannunmu suke ɗaukarsa lafiya lau.

To me ya binne shi? Na farko, ya zo a makare. Quake ya riga ya fito a 1996 da siffofi masu cikakken jiki, Half-Life ya biyo baya a 1998, kasuwa ta juya wa fasahar Build baya. Na biyu, an fitar da Blood II a 1998 cikin gaggawa, cike da kurakurai, ya zubar wa sunan da daraja. Na uku, wanda ya fi yi masa illa, shi ne rabuwar mallaka. Infogrames ya sayi GT Interactive, mai rarraba wasan, a 1999, daga baya ya koma amsa sunan Atari. Warner Bros kuma ya sayi Monolith a 2004. Haƙƙin wasa ɗaya ya rabu tsakanin gidaje biyu, ya zama tamkar gonar gado da magada suka kasa rabawa, ba mai nomawa, ba mai bari a noma.

An saki tushen rubutun manhajar Doom a 1997, na Duke Nukem 3D a 2003, na Shadow Warrior a 2005, kowa ya samu damar gyara su su dace da sababbin injuna. Na Blood kuwa masu shi ba su sake shi ba. Da aka dawo da shi kasuwa ta shagon intanet na GOG a 2010, sai da aka jingina shi da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, kafin ya tashi.

A nan ne masoya suka nuna halinsu. Wasu suka duƙufa suna warware wasan daga ƙarshe zuwa farko, ba albashi, ba kwangila. Daga irin wannan aiki ne Alexander Makarov ya fitar da BloodGDX a 2017, NBlood ya biyo baya a 2019. A 2019 ɗin ne kuma kamfanin Nightdive ya fitar da sabuntaccen bugu mai suna Fresh Supply. Tasirinsa kuma bai tsaya nan ba: duk wanda ya buga Dusk na 2018 ko Cultic na 2022 zai ga jikokin Blood ne.

Na sake buga shi kwanan baya, na tarar tsarin matakansa da sautinsa suna nan daram. Hotunan ne kawai suka tsufa. Monolith kuwa, wanda ya ƙera F.E.A.R. a 2005 da Shadow of Mordor a 2014, Warner Bros ya rufe shi a watan Fabrairun 2025. Kamfanin ya tafi, wasan ya saura, domin akwai waɗanda suka ƙi bari ya mutu.

Kirana ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja da ƙirar wasanni shi ne, ku adana tushen aikinku, ku rubuta a fili wa ya mallaki me tun ranar farko, kuma idan kasuwar aiki ta wuce, ku sake shi ga jama'a. Kyawun aiki kaɗai ba ya hana shi ɓacewa. Adanawa ce take hanawa.