Firi'amfili: abin da mai situdiyon gida a Damagaram zai duba kafin ya saya

Firi'amfili, sunan da masu haɗa sauti a Nijar suka aro daga Faransanci, na'ura ce da ke karɓar siginar makirufo ta ɗaga ta har ta kai ƙarfin da kwamfuta za ta iya ɗauka. Siginar da ke fitowa daga makirufo ƴar mitsitsiya ce. Shure SM58, wanda aka fara sayarwa a 1966 kuma har yau ake ganinsa a wuraren biki da wa'azi, ba ya fitar da ko kashi 2 cikin 1000 na bolt ɗaya idan ƙarar ta kai desibal 94. Na'urorin situdiyo kuwa suna aiki ne da kusan bolt 1.23. Cike wannan tazara shi ne aikin firi'amfili, kuma duk dattin da ya shiga murya a wannan mataki zai bi ta har ƙarshen waƙa.

Da desibal, wato dB, ake auna ɗagawar. Desibal 20 na ninka sigina sau 10, desibal 40 sau 100, desibal 60 sau 1000. Maɓallin da aka rubuta wa Gain shi ke ƙara ta ko rage ta.

Da yawa daga cikin matasan da ke ɗaukar waƙa a ɗaki a Birni, Zango ko Sabon Gari suna da firi'amfili ba tare da sun sani ba. Yana cikin katin sautin da ake jonawa da kwamfuta ta USB, irin su Focusrite Scarlett, Behringer UMC ko Audient iD4, kuma kowace kafar makirufo ta mikisa tana da nata. Don haka kafin a yi maganar sayen na daban, sai an tabbatar na cikin katin ya gaza.

Makirufo ne ke faɗin abin da ake buƙata

Makirufo iri biyu ne suka fi yawa. Dinamik, irin SM58, ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, amma siginarsa ba ta da ƙarfi. Kondansa, irin Audio-Technica AT2020, yana fitar da sigina da ta ninka ta SM58 fiye da sau 7, sai dai ba ya aiki sai an ba shi bolt 48 ta cikin wayar XLR mai ƙafa uku. Katin da babu maɓallin 48V a jikinsa ba zai tayar da shi ba. A nan ne masu sayen ƙananan katunan V8, waɗanda aka ƙera don waƙa kai tsaye a TikTok, ke yin asara: yawancinsu ba su ba da wannan wuta, kuma kafarsu ƙarama ce irin ta abin sauraro na kunne.

Mai kondansa ba ya shan wahalar ɗagawa, desibal 30 zuwa 40 kan ishe shi, kuma kusan kowane kati na kirki na kai wannan ba tare da hayaniya ba. Mai dinamik ne ke da lissafi. Kamfanin Shure da kansa yana ba da shawarar desibal 60 ga SM7B, makirufon da masu shirye-shiryen rediyo ke so. Scarlett 2i2 na ƙarni na uku, na 2019, yana tsayawa a 56, na ƙarni na huɗu da ya fito a 2023 ya kai 69. Idan aka murɗa maɓalli har ƙarshe a kan kati mai rauni, sai a ji wata “shuu” a bayan murya, kamar iska na fita daga taya. Maganinta mai araha ƴar na'ura ce da ake sawa tsakanin makirufo da kati, irin Cloudlifter ko FetHead, wadda ke shan bolt 48 ɗin nan ta ƙara kusan desibal 25.

Salon murya ma na da tasiri. Maroƙi ko mai bege da ya saba cika fili da muryarsa ba ya buƙatar ɗagawa mai yawa, haka mai busa algaita ko kakaki irin na fadar Sarkin Damagaram. Da su, haɗarin shi ne sigina ta fashe, kuma maɓallin Pad, inda yake akwai, shi ke rage ta. Mai waƙar soyayya da ke rera ta ƙasa-ƙasa, ko mai karatun Alƙur'ani a natse, su ne ke tona asirin firi'amfili mai hayaniya. A takardar na'ura ana rubuta wannan hayaniya da haruffan EIN. Abin da ya kai -127 ko -128 dBu ya wadatar.

Wuta

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika tsayawa kan wannan ba, alhali a Damagaram shi ne rabin maganar. Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankin Maraɗi da Damagaram, mai bolt 220, wani ɓangarenta daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina. Lokacin da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023, bayan takunkumin CEDEAO, an ga yadda aiki ke tsayawa, har zuwa farkon 2024 da aka maido ta. Ko ba takunkumi, watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, lokacin ɗauke wuta ne.

Katin da ke shan wutarsa daga USB yana ci gaba da aiki muddin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka bai ƙare ba. Firi'amfili na daban kuwa sai an jona shi a bango, kuma duk hawa da saukar wuta a kansa za ta ƙare, musamman idan gurup ake tayarwa. Wanda ya zaɓi wannan sai ya sa kuɗin na'urar daidaita wuta a lissafi tun farko.

Akwai kuma gurnanin nan mai kauri da ke bin bugun wutar, sau 50 a daƙiƙa. Yakan fito ne a gidan da ba a ja wayar ƙasa ba, ko daga caja marar kyau. Gwajin ba wuya: a zare cajar kwamfuta a saurara. Idan gurnanin ya ɓace, laifin ba na firi'amfili ba ne, kuma sayen mai tsada ba zai kore shi ba.

Masu kwalba da masu suna

Ana yawan yabon firi'amfili mai kwalba da cewa yana sa wa murya ɗumi. Na gaske yana yi, amma yana da tsada, yana zafi, kuma kwalbar na tsufa, ga samun madadinta sai an aika Kano ko Yamai. Masu arahar da ke da kwalba ɗaya suna ba ta wuta kaɗan ne, don haka bambancin bai taka kara ya karya ba. Shahararren Neve 1073, wanda kamfanin injiniyan Ingila Rupert Neve ya fitar a 1970, yana kai desibal 80, kuma launin sautinsa ya sa ake ta kwaikwayonsa. Shi Neve ɗin ne ya kafa Focusrite a 1985. Sai dai irin wannan launi ba ya jiyuwa a ɗakin siminti mai rufin kwano, inda kondansa ke kwaso amsa-kuwwa, fanka da kabu-kabun da ke wucewa. Ɗakin laka mai kaurin bango, da darduma da labule masu nauyi, ya fi canza murya fiye da sauya na'ura, kuma a ɗaki mai hayaniya dinamik da aka kusanto da baki ya fi kondansa rufin asiri.

Wajen saye

Kano na da nisan kusan kilomita 240, kuma kaya da yawa daga can suke shigowa, sabo da na hannu, na gaske da jabu. SM58 na cikin makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya. Mai saye ya je da makirufonsa, wayarsa ta XLR da abin sauraronsa. Ya jona, ya ɗaga Gain har muryarsa ta riƙa kai tsakanin -12 da -6 a ma'aunin manhajar ɗauka, sannan ya yi shiru ya saurari abin da ya rage. Ya murɗa maɓallin sama da ƙasa: idan yana ƙaraf-ƙaraf, ƙurar hunturu ta riga ta shiga. Ya kunna 48V ya ga ko kondansa ya tashi, ya kuma kashe shi kafin ya zare waya.