Gyaran karce a jikin jantin alminiyum na manyan motoci

Janti shi ne ƙarfen nan mai zagaye da ake ɗora wa taya. Haka makanikai ke kiransa a Nijar, a Najeriya kuma ana ce masa rim. Yawancin manyan motocin da ke tashi daga Tawa suna da jantin baƙin ƙarfe, amma wasu tireloli da aka sayo na hannu daga Turai sukan zo da na alminiyum, wato ƙarfen da jama'a ke kira dalma, irin na tukwane. Kamfanin Alcoa na Amurka ne ya fara ƙera wa manyan motoci irin wannan janti a 1948. Amfaninsa rashin nauyi ne, domin janti ɗaya yakan fi na baƙin ƙarfe sauƙi da sama da kilo 10. Mai son tantancewa ya kanga mayen ƙarfe a jikinsa. Idan bai kama ba, alminiyum ne.

Alminiyum yana da taushi, ƙasar Adar kuwa ta duwatsu da marmara ce. Motar da ke bin hanyar Tawa zuwa Tabalak da Abalak, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom daga Arlit, ko wadda ke shiga ƙauyukan Barmu da Afala ta jar hanya, ba ta rasa tsakuwar da za ta karce mata janti. Sai dai sau da yawa ba hanya ce ke yin ɓarnar ba. Ƙarfen cire taya da gudumar mai faci su ne ke barin tabo mafi zurfi.

Kafin a taɓa komai, a fara sanin ko karce ne ko tsaga. A wanke jantin da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a ja farce a kan wurin. Karcen da farce ke wucewa a kansa ba tare da ya maƙale ba, kyan janti kawai ya rage. Idan ana shakka, akwai tsohuwar dabara mai arha: a shafa kananzir a wurin, a jira kamar minti 15, a goge tas, a barbaɗa garin alli. Inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana siririn layi a kan allin. A fi dubawa a kewayen ramukan noti da tsakaninsu, domin a nan tsaga ta fi farawa.

Karce marar zurfi ana gyara shi da samfefa, takardar nan mai yashi, irin wadda ake jiƙawa. Lambar da ke bayanta tana nuna laushinta: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. A fara da lamba 400, ana zuba ruwa ana gogewa a hankali har bakin karcen ya kwanta. Daga nan a koma 600, sai 1000, a ƙare da 1500 ko 2000. Kada a tsallake tsakani don sauri, saboda kowace lamba tana share sawun wadda ta gabace ta ne. A ƙarshe a shafa man goge ƙarfe da tsumma mai laushi har wurin ya yi sheƙi. Aikin ya fi kyau a inuwa da safe, lokacin da jantin ya huce.

Wasu jantuna an yi musu rufin kariya tun daga masana'anta, kamar masu tambarin Dura-Bright. Samfefa tana cire wannan rufi, saboda haka ruwa da sabulu kawai suke buƙata. Burushin waya, sodar sabulu da ruwan batir kuwa, duk suna cin alminiyum ko wane iri ne.

Tsaga ba ta da gyara. Mai walda zai iya toshe ta har ido ya kasa gani, amma ƙarfin jantin ya riga ya tafi. Alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660, amma tun daga wajen digiri 200 yake fara rasa taurin da aka ba shi a masana'anta. Jantin da aka yi wa walda, ko aka gasa da wuta don a miƙar da shi, yana iya darewa a ƙarƙashin lodin albasa ko siminti. Mafi haɗari shi ne a kai wuta kusa da janti alhali taya na jikinsa. Ko an sace iskar, zafin yana iya sa tayar ta fashe, kuma hakan ya sha halaka masu aiki. Haka nan jantin da ya yi rami mai zurfi a inda bakin taya ke zama, ko wanda ramukan notinsa suka buɗe, a sauke shi daga mota.

Irin wannan janti bai zama shara ba. Masu zuba tukwanen dalma suna sayen alminiyum a kan kilo. Kafin a sayar, a sare gefensa da zarto, don kada wani ya saye shi ya mayar a mota.