Gamper Ya Aza Tubali, Cruyff Ya Yi Rufi

Daren Asabar 2 ga Afrilun 2016, muna idar da sallar magariba muka cika gidan kallon unguwarmu maƙil. Zafin bazara kamar ya dafa mutum, janareta na ta ruri a bayan langa-langa. Wasan Barcelona da Real Madrid ne, wanda a al'ada tun kafin a take leda ake fara zolaya da cika baki. Ran nan kuwa, da kyamara ta zagaya filin Camp Nou, sai wurin ya yi tsit. 'Yan kallo kaf sun ɗaga kwalaye masu launi, sun haɗa hoton riga mai lamba 14 da kalmomi biyu cikin harshen Kataloniya, ma'anarsu mun gode, Johan. Wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, sanye da rigar Messi da ta yi masa yawa, ya taɓa dattijon da ke gefensa ya ce, "Baba, wa ya mutu?" Dattijon nan kowa ya san ɗan Madrid ne na a-mutu, amma sai ya ce, "Wanda ya koya wa ƙungiyarku ƙwallo ne, yaro. Zauna ka yi shiru."

Kwana 9 ke nan a lokacin da rasuwar Johan Cruyff. Ciwon dajin huhu ne ya ɗauke shi ranar 24 ga Maris, a birnin Barcelona, yana da shekara 68. Washegari a Amsterdam aka tsayar da wasan Holan da Faransa a minti na 14, aka yi ta tafi. A Camp Nou aka keɓe wurin ta'aziyya, dubun-dubatar mutane suka yi layi kwana da kwanaki, har shugaban Real Madrid, Florentino Pérez, sai da ya taka da ƙafarsa ya je. (Abin dariya, lokacin da Cruyff yake buga wa Barcelona lamba 9 ya fi sakawa, domin dokar gasar Sifaniya ta wancan zamani daga 1 zuwa 11 ta tsaya. Lamba 14 tasa ce ta Ajax da Holan, amma da ita duniya ta san shi.) A daren nan an ci mu 2-1, kuma ban ji zafin da na saba ji ba.

Duk shekara in watan Maris ya zagayo sai magoya baya su tayar da zancensa. Sai dai ba za a gane girman abin da ya yi ba in ba a san gidan da ya tarar ba.

Asalin gidan wata 'yar sanarwa ce. Ranar 22 ga Oktoban 1899, wani saurayi ɗan Suwizalan mai shekara 21, Hans Gamper, ya sa 'yan layuka a mujallar Los Deportes yana neman waɗanda ke sha'awar buga ƙwallo su zo a haɗu. Baƙo ne a birnin Barcelona, aiki ya zaunar da shi. Ranar 29 ga Nuwamba suka hallara a ɗakin motsa jiki na Solé, su 12, wasu 'yan gari, wasu baƙi irinsa daga Ingila da Suwizalan da Jamus. Aka naɗa Walter Wild shugaba na farko, Gamper kuma ya riƙe kyaftin. Ba su da fili, ba su da asusu, sai dai ƙafafu da son wasa.

Abin da ya sa nake ganin Gamper ya cancanci a kira shi uba ba kafawar kaɗai ba ce, kowa na iya tara abokai. A 1908 ƙungiyar ta kusa watsewa, mambobi sun ragu zuwa 38, aka yi taro ana shirin rufe littafi. Shi ne ya miƙe ya karɓi shugabanci, ya bi gida-gida yana dawo da waɗanda suka tafi. Sau 5 ya shugabanci ƙungiyar. A hannunsa aka samu filin titin Indústria, inda in wuri ya cika 'yan kallo ke jeruwa bisa katanga, mai wucewa ta waje ba abin da yake hangowa sai mazaunansu. Daga nan aka laƙaba musu sunan culers, kuma har gobe da shi magoya bayan Barcelona ke alfahari, yawancin namu na nan ba su ma san ma'anarsa ba. A hannunsa ne kuma aka buɗe filin Les Corts a 1922. Mutumin ya narke cikin garin har ya koma Joan, irin kiran 'yan Kataloniya, ya sa ƙungiyar ta riƙa rubuta takardunta da harshensu.

Wannan ƙaunar ce ta jawo masa. A watan Yunin 1925, zamanin mulkin soja na Primo de Rivera, 'yan kallo suka yi wa taken Sifaniya ihu a Les Corts. Hukuma ta rufe filin, aka tilasta wa Gamper barin shugabanci da barin ƙasar. Ya dawo daga baya, amma ba a bar shi ya sake kusantar abin da ya gina ba. Ya ga ƙungiyarsa ta ɗauki kofin La Liga na farko a tarihi a 1929, shekara na zagayowa ya bar duniya cikin baƙin ciki da karayar arziki.

Abin da ya biyo baya jarrabawa ce. An harbe shugaban ƙungiyar, Josep Sunyol, a 1936 da ɓarkewar yaƙin basasa. Yawon wasanni a Meziko da Amurka a 1937 ne ya samo kuɗin da suka hana ta nitsewa, bam kuma ya faɗa ofishinta a 1938. A mulkin Franco, da aka hana mutane harshensu da tutarsu a bainar jama'a, fili ya zama wurin da suke iya numfashi. Shi ya sa da wani shugabanta, Narcís de Carreras, ya ce a 1968 Barcelona ta wuce a kira ta kulob kawai, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Zuwan ɗan wasa Kubala ya sa Les Corts ya yi kaɗan, aka gina Camp Nou, aka buɗe shi ranar 24 ga Satumban 1957.

Ga jama'a, ga fili, ga tarihi, amma akwai ciwon da ya ƙi magani: ƙungiyar ba ta yarda da kanta ba. Madrid na ta jera kofunan Turai, Barcelona kuwa ta je wasan ƙarshe a 1961 Benfica ta doke ta. Ta sake zuwa a 1986, a Seville, cikin Sifaniya, gaban jama'arta, golan Steaua Bucharest ya tare bugun fenareti 4 a jere. Daga 1961 zuwa 1990 sau 2 rak ta ɗauki La Liga. Mutanen garin suka saba da ƙorafi, yau alƙalin wasa, gobe gwamnati, jibi rashin sa'a. Wani ƙorafin gaskiya ne, wani kuwa lalaci ne aka yi wa riga.

Ɗaya daga cikin kofunan nan biyu Cruyff ne ya kawo shi da ƙafarsa. Ya zo daga Ajax a 1973, ya tarar da ƙungiyar can ƙasan teburi, shekara 13 rabonta da kofin. Ranar 17 ga Fabrairun 1974 suka je har Bernabéu suka zuba wa Madrid 5 da nema, ƙarshen kaka suka ɗauke kofi. A shekarar ya haifi ɗa namiji ya raɗa masa Jordi, sunan da 'yan Kataloniya ke ji da shi, hukumar lokacin kuma ba ta so. Daga ranar ya zama ɗan gida.

Dawowarsa a matsayin koci a 1988 ita ce maganar. Ya tarar da gida a hargitse. A watan Afrilun shekarar 'yan wasa suka taru a otal ɗin Hesperia suka nemi shugaba Núñez ya sauka saboda rigimar haraji. Fili ya daina cika. Cruyff ya zo aka sallami da yawa, ya ɗauko Bakero da Begiristain da Salinas da Eusebio, sannan Koeman da Laudrup, sai Stoichkov mai zafin kai, daga baya Romário. Amma sayen 'yan wasa ba shi ne sabon abu ba. Sabon abu shi ne tunaninsa: ƙwallo ɗaya ce a fili, in tana ƙafarka abokin karawa ba shi da abin da zai ci ka da ita. Ya tsayar da 'yan baya 3 kacal, abin da mutane suka ɗauka hauka ne. Ya manna 'yan gefe a jikin layi don fili ya buɗe. A wajen atisaye ya sa a yi da'ira, mutum ɗaya ko biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo, sauran na taɓa ta sau ɗaya su saki. Wanda ya ɓata ya shiga tsakiya. Kamar wasan yara, amma a cikinsa ake koyon ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso.

Bai tsaya kan manya ba. La Masia, wani tsohon gidan gona na 1702 da ke jikin Camp Nou, tun 1979 aka mayar da shi makwancin yaran ƙungiya, kuma mutane irin su Laureano Ruiz da Oriol Tort sun riga sun yi shara. Cruyff ya zo ya ce tun daga 'yan ƙanana har babbar tawaga salo ɗaya za a buga, kuma a daina korar yaro don gajarta ko rashin ƙiba. Da wannan ya ɗauko wani siririn yaro ɗan ƙauyen Santpedor, Pep Guardiola, ya damƙa masa tsakiyar fili a 1990.

Sai ruwa ya tsuge. La Liga 4 a jere, daga 1991 zuwa 1994. 'Yan adawa kan ce sa'a ce, tunda sau biyu Madrid ta je Tenerife a ranar ƙarshe ta zubar da kofi, na ƙarshen kuma Djukić na Deportivo ne ya ɓarar da fenareti. To, ni dai abin da na sani, shekara 30 irin wannan sa'ar wasu take bi, sai da aka samu masu jiran ta a tsaye sannan ta juyo. A tsakiyar wannan tafiya, a 1991, aka yi masa aikin zuciya. Ya bar sigarin da ya saba zuƙa a benci, ya koma tsotsar alewa mai tsinke, hoton da har yau ake tuna shi da shi.

Ranar 20 ga Mayun 1992, a Wembley, Barcelona sanye da riga ruwan lemo ta kara da Sampdoria. Minti 90 ba ci. A ƙarin lokaci, minti na 112, aka samu bugun tazara a bakin da'ira. Stoichkov ya taɓa, Bakero ya taka, Koeman ya saki wata ƙwallo ƙasa-ƙasa da ta tsaga katanga ta faɗa raga. Shekara 93 bayan taron mutum 12 ɗin nan, kofin Turai ya shigo gida. Kafin su hau karɓa sai da suka cire ruwan lemon suka sa shuɗi da ja.

An rabu ba daɗi, ba sai an ɓoye ba. Milan ta ci 4-0 a wasan ƙarshe na 1994 a Atina, tawaga ta fara tsufa, a watan Mayun 1996 aka sallame shi bayan kofuna 11. Shi da Núñez zakaru biyu ne a akurki ɗaya, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ranar wasan da ya biyo baya 'yan kallo suka nuna gefen da suke.

Bai sake riƙe wani kulob ba, amma bai bar gidan ba. Da shawararsa shugaba Laporta ya ɗauko koci Rijkaard a 2003, da ita aka ba Guardiola ragama a 2008 alhali ƙaramar tawaga kawai ya taɓa riƙewa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kofi 6 a shekarar 2009 kaɗai. A 2010 mutum 3 da suka yi saman zaɓen Ballon d'Or, Messi da Iniesta da Xavi, duk 'yan La Masia ne. Ranar 25 ga Nuwamban 2012, a wasa da Levante, an wayi gari duka 11 da ke fili yaran gida ne. Kafin Cruyff ya zama koci La Liga 10 ke cikin kabad, zuwa 2025 sun kai 28. Har namu sun ɗanɗana ruwan gidan: Haruna Babangida, ɗan Kaduna, ƙanin Tijjani na Ajax, a La Masia ya yi ƙuruciyarsa ta ƙwallo.

Na san abin da 'yan Madrid za su ce: ina 8-2 da Bayern a 2020, ina bashin Yuro biliyan 1.35 da Laporta ya bayyana a 2021, ina Messi da ya tafi yana hawaye. Duk an yi. Amma a duba yaushe aka shiga ramin. Lokacin da aka saki hanyar gida aka shiga kasuwa da buhun kuɗin sayar da Neymar ne, ana sayen suna a kan farashin hauka. Da aljihu ya bushe, ina aka koma? Wurin yaran La Masia: Gavi, Balde, Cubarsí, Fermín, da Lamine Yamal da ya fara buga wa manya yana ɗan shekara 15. Kuma duk tsananin nan ba a sayar wa wani attajiri ko wata masarauta ƙungiyar ba. Har yau ta mambobinta ce, sama da 140,000, su ke jefa ƙuri'a su naɗa shugaba, su kuma ke iya tsige shi. A manyan ƙungiyoyin Sifaniya 4 ne kawai suka rage a haka. A zamanin da ake sayen kulob kamar yadda ake sayen fuloti, wannan kaɗai ya isa a riƙe Barcelona da hannu biyu.

A 2019 aka kafa mutum-mutumin Cruyff a harabar Camp Nou, aka kuma buɗe ƙaramin fili mai ɗaukar mutum 6,000 da sunansa, inda ƙaramar tawaga da ta mata ke wasa, wadda Asisat Oshoala ta ci kofin Turai da ita.

Yaron nan mai rigar Messi yanzu ya zama saurayi, da la'asar yana tara ƙannensa a filin makarantar firamare. Kwanaki na wuce na gan su sun yi da'ira cikin ƙura, biyu a tsakiya, duwatsu ne alamar iyaka. Wani ɗan ƙarami ya riƙe ƙwallo yana son yanka, aka ƙwace. Ya daka masa tsawa: "Kai, taɓa ɗaya na ce! Shiga tsakiya."