Almakashi da Tarihi: Yadda Aka Riƙa Cire Mutane Daga Hoto



Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma tun daga shekarar 1839 da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a birnin Faris, mutane suka ɗauka cewa an sami shaidar da ba ta ƙarya. Abin da nake so mu duba a wannan lacca shi ne tarihin wata ƙaramar sana'a da ta taso tare da hoton kansa, watau yanke mutum daga inda kyamara ta same shi. Aikin iri biyu ne. Akwai wanda ake yanke mutum a ajiye shi, a yar da abin da ke bayansa. Akwai kuma wanda ake yar da mutumin, a ajiye wurin. Na farko mai sauƙi ne. Na biyu shi ne mai wuya, domin duk wanda ya cire mutum daga hoto tilas ne ya ƙago abin da jikin mutumin ya tare, ko bango ne, ko ruwa, ko matakala, alhali kuwa kyamara ba ta taɓa ganin wannan wuri ba.

Masu fasaha ne suka fara abin, ba kuwa da nufin yaudara ba. A 1857 wani mai hoto a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa hoto guda daga gilasan hoto fiye da 30. Ya ɗauki mutanen daban-daban, sa'an nan a ɗakin wanke hoto ya riƙa rufe sashen takarda yana haska wani sashe, har suka taru kamar a zaure ɗaya suke. Sarauniya Biktoriya ma ta sayi kwafi guda. Kayan aikin da aka gada daga wannan zamani ba su da yawa: aska mai kaifi, almakashi, gam, tawada, da wani ɗan bututu mai fesa fenti da iska, wanda ya bazu a ƙarshen ƙarni na 19. Idan an gama yanka da shafe, sai a sake ɗaukar hoton hoton, tabon ya ɓace.

Inda wannan sana'a ta zama aikin hukuma sosai shi ne Tarayyar Sobiyat a zamanin Stalin. Ranar 5 ga Mayu 1920 Lenin ya hau wani dandamalin katako a birnin Masko yana yi wa sojojin da za su tafi yaƙin Polan jawabi. A kan matakalar dandamalin, Trotsky da Kamenev suna tsaye. Hoton ya zagaya duniya. To, amma an kori Trotsky daga jam'iyya a 1927, an fitar da shi daga ƙasar a 1929, an kuma kashe shi a Meziko a 1940; Kamenev kuwa an harbe shi a 1936. A bugun da aka riƙa yi daga baya, sai ga Lenin yana jawabi, matakala kuma babu kowa a kanta sai katako da mai fenti ya zana.

Wanda ya fi wannan ban tsoro shi ne na Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki daga 1936 zuwa 1938, mutumin da ya jagoranci kame da kisan ɗaruruwan dubban mutane. Akwai hotonsa na 1937 yana tafe a gefen Stalin a bakin mashigin ruwan da ya haɗa Masko da kogin Bolga. Da aka gama amfani da shi, aka kama shi a 1939, aka harbe shi a 1940. A sabon hoton Stalin na nan yadda yake, inda Yezhov ya tsaya kuwa sai ruwa da ɗan shingen bakin gaɓa. Haƙiƙa mai aikin gwani ne, ba mu kuma san sunansa ba, domin irin wannan aiki ba a sa masa hannu.

Kada a zaci abin ya tsaya a ofisoshin gwamnati. Mallakar hoton wanda aka kira maƙiyin jama'a laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku, saboda haka talakawa da kansu suka riƙa ɗaukar almakashi da tawada suna shafe fuskoki a littattafansu, wani lokaci har a hotunan iyali. Bayan an kashe Beria a 1953, masu buga babban kundin ilmi na Sobiyat sun aika wa waɗanda suka saye shi sababbin shafuka, da umarnin su yanke shafukan da ke magana a kansa su manna waɗannan a gurbinsu. Cikin abin da aka cike gurbin da shi har da bayanin tekun Bering. Wani Baturen Ingila, David King, ya shafe shekaru yana tara irin waɗannan hotuna, na asali da na jabu, ya buga su gefe da gefe a wani littafi a 1997.

Ba Rasha kaɗai ba. A 1937 Musolini ya je Libiya, aka ba shi wani takobi da aka kira Takobin Musulunci (a Italiya aka ƙera shi, abin dariya), ya hau doki ya ɗaga shi sama. Akwai bargan da ke riƙe da linzami don kada dokin ya yi tutsu. Aka cire bargan, aka bar dokin, don jama'a su ga jarumi shi kaɗai. Duk wanda ya san hawan salla ya san abin da ake nufi idan aka ce sai an riƙe wa mahayi linzami. A ƙasar Sin kuma, bayan rasuwar Mao a Satumba 1976, an ɗauki shugabanni a jere wurin taron makoki. Da aka kama matarsa Jiang Qing da abokanta uku a Oktoba, aka sake buga hoton da giɓi a cikin sahun, ba a ko damu da matso da sauran ba.

Shigowar kwamfuta ta sauya kayan aikin. A Fabrairu 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya dace da tsawon bangon mujallar, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A lokacin injin da ke wannan aiki sai manyan maɗaba'u. A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. A 1994 aka ƙara mata dabarar jera sassan hoto hawa-hawa, ta yadda za a ɗaga mutum a sauya bayansa ba tare da an taɓa shi ba. Duk da haka, zagaye mutum da layi aiki ne na haƙuri, kuma masu sana'ar sun san inda gizo ke saƙa: gashin kai, mayafi mai shara-shara, da gashin kyanwa ko kare, inda ba a iya cewa ga inda dabba ta ƙare ga inda bango ya fara. A 2010 manhajar ta fara cike gurbi da kanta ta hanyar kwaikwayon abin da ke kewaye. Daga 2021 wayoyin Google suka zo da abin goge mutum da yatsa, a 2022 kuma na Apple suka fara ɗago mutum ko dabba daga hoto da dannawa ɗaya. Aikin da gwanin Masko zai kwana a kansa, yanzu yaro na yin sa kafin shayi ya huce.

Mafi yawan wannan aiki a yau ba shi da wata illa. Mai shagon hoto ya sa wa hoton fasfo farin bango, ko ya ciro fuskar mamaci daga hoton biki don a buga a takardar sadakar arba'in. Amma mu ma mun ga allunan 'yan siyasa da fuskar ubangida ke ɓacewa daga cikinsu da zarar an sauya jam'iyya.

Abin da ya dami masanin tarihi a nan shi ne yadda ake kama jabu. An gane an cire Trotsky ne domin hoton farko ya riga ya shiga jaridu da katunan gaisuwa a ƙasashe da dama, hannun Stalin kuma bai kai can ba. Hoton waya kuwa sau da yawa kwafi ɗaya ne, ana iya gyara shi kafin wani ya gan shi. Shi ya sa manyan kamfanonin dillancin labarai suka tsananta doka a kan taɓa hoto. A Maris 2024 kamfanonin AP da Reuters da AFP suka janye wani hoton iyali da fadar Kensington ta Ingila ta fitar, saboda alamun gyara a hannun rigar ɗaya daga cikin yaran. Masu ƙera kyamara su ma sun shiga neman magani: a 2023 kamfanin Leica ya fitar da kyamarar da ke manna wa kowane hoto hatimin lantarki tun lokacin ɗauka, wanda idan aka yi gyara da manhajar da ta san hatimin, sai ta rubuta abin da aka taɓa a cikinsa.