Yadda Ƙuri'ar Gwarzo da Kabo Ta Hau Tsani

Ku 'yan makaranta, kun saba ganin mutum ya jefa ƙuri'a da hannunsa, har kuna tsammani haka abin yake tun fil azal. To, ba haka ba ne.

A shekarar 1951 aka yi zaɓen farko na Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. Ita ce ƙarama, ta Sarakuna ce babba. Kujerun zaɓe 90 ne, Lardin Kano ya sami 20. Amma manomin Gwarzo ko na Kabo bai zaɓi ko ɗaya daga cikin masu hawansu ba. Iyakarsa, in namiji ne mai biyan haraji, su taru da mutanen ƙauyensu su tsai da wakilai. Wakilan su haɗu a gunduma su zaɓi waɗansu, waɗansun su tafi Kano. A matakin ƙarshe kuwa aka yardar wa En'e ta ƙara nata mutane. Da haka jam'iyyar NEPU, wadda ta ci wurare da yawa a matakin farko cikin birni, ta tashi ba kujera ko guda.

Sai a zaɓen 1961 aka kawar da tsanin nan duka, amma ga maza kaɗai. Iyayenmu mata ba su zaɓi ɗan majalisa ba sai 1979. Yau Gwarzo da Kabo kowacce da wakilinta a Majalisar Dokokin Jihar Kano.

Abin da muke roƙonku, ran da kuka isa zaɓe, ku tuna wuyar da aka sha, kada ku sayar da ƙuri'arku a kan sabulu ko turmin atamfa. Allah ya sa mu gane, amin.