Tarihin Awon Jijiyar Ƙafa: Daga Kuturta zuwa Ciwon Sukari

Mutanen Adar da Ƙonni sun daɗe da sanin ƙafar da ba ta jin zafi, kuma kuturta ce ta fara nuna musu ita. Kuturu kan taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, har wurin ya zama gyambo. Da mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan cibiyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi a 1956, duba tafin ƙafa da gwada jinsa suka shiga aikin yau da kullum na ma'aikatan lafiya.

A Turai kuwa, tun 1850 Helmholtz na Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar kusan mita talatin ne a daƙiƙa. A 1864 likitan Faransa Marchal de Calvi ya nuna cewa ciwon sukari na lalata jijiyoyi. Sai a 1948 Hodes da abokan aikinsa a Amurka suka kawo awon gudun saƙon ga marasa lafiya. Ana ɗan zaburar da jijiya da lantarki a wuri biyu, a auna tazarar da ke tsakani da lokacin da saƙon ya ɗauka. A ƙafar lafiyayye gudun yakan haura mita 40 a daƙiƙa. A mai sukari ƙarfin saƙon ne ke raguwa, gudun ma ya ja baya, kuma ɓarnar daga yatsun ƙafa take farawa domin jijiyoyinsu sun fi tsawo. Awon yana da iyaka: manyan zaruruwan jijiya kawai yake gani, saboda haka mai fama da zugin ƙafa da dare na iya samun sakamako mai kyau alhali ƙananan sun taɓu.

Hanyar da ta fi amfanar talaka daga ɗakin kutare ta fito. Paul Brand, likitan fiɗa da ya yi aiki a Indiya, ya tabbatar cewa rashin ji da yawan rauni ne ke cinye yatsun kuturu. Bayan komawarsa Carville a Amurka a 1966, aka ɗora wannan ilimi a kan ƙafar mai sukari, aka kuma yaɗa gwaji da siririn zaren roba mai danna fata da ƙarfin giram 10. Ana dangwala shi a tafin ƙafa har ya lanƙwasa. Wanda bai ji ba yana cikin haɗarin gyambo.

Na'urar lantarkin tana buƙatar wuta da ƙwararre, shi ya sa ta tsaya a manyan asibitocin birane. Zaren kuwa aljihu yake shiga, kuma shi ya dace da likitar gari irin Badagishiri, inda manomi ke yini a gona da silifa ko ƙafa ba takalmi.