Ɗigon da aka goge a 1961 da labarin igiyar terahaz

Jama'a, tunda na ga an fara maganar 6G, kuma ban manta da surutun da muka sha a kan 5G a 2020 ba, bari in riga masu jita-jita. Akwai kalmar da za ku riƙa ji nan gaba: terahaz. Masu binciken 6G gefen wannan yankin suke harara. Amma ba zancen waya ne ya kawo ni yau ba, tarihin abin nake so in ba ku, don an fi shekara ɗari ana fama da shi, kuma a kan duwatsu aka yi faman.

Terahaz ɗaya na nufin igiyar da ke kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a sakan guda. Ta fi ta rediyo da ta waya sauri nesa ba kusa ba, amma ba ta kai hasken da ido ke gani ba. To me ya haɗa ta da dutse? Duk abin da ake kira kiristal, irin gishiri ko lu'ulu'u, ƙwayoyin zarrarsa a jere suke sahu-sahu. Kuma ba a tsaye cak suke ba, kullum cikin rawa suke, saurin rawar tasu kuwa a ma'aunin terahaz yake. Wanda ya mallaki wannan igiya zai iya jin kiɗan da dutse ke rawa da shi.

Tun 1897 Heinrich Rubens da Ernest Nichols a Balin suka gano cewa in aka yi ta mayar da hasken zafi daga fuskar kiristal zuwa wata, abin da zai rage shi ne igiyar da ta dace da rawar wannan kiristal ɗin. Da irin wannan awo Rubens ya ziyarci Max Planck a gida a watan Oktoba na 1900, kuma a cikin watan Planck ya fito da lissafin da ya buɗe ƙofar kimiyyar kwantam. Bayan nan tafiya ta yi nauyi. Na'urorin lantarki ba su da saurin kaiwa terahaz, fitilu kuma ɗan abin da suke bayarwa a wurin bai taka kara ya karya ba. Har suna aka sa wa matsalar: giɓin terahaz.

Yanzu ga inda na fi so. A 1960 aka ƙera lesa ta farko. A 1961 Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka harba jan hasken lesar yaƙutu cikin dutsen kwaz. Jan haske mai tsawon nanomita 694 ya shiga, sai ga wani ɗan haske mai rabin wannan tsawon, 347, ya fito tare da shi. Dutse ya ninka saurin kaɗawar haske! Ku kwatanta da lasifika: in muryar tana ƙasa, abin da ka faɗa shi za ta maimaita, in ka ƙure ta sai ta fara ƙaro wasu ƙararraki nata na kanta. Haka dutse yake in haske ya yi masa ƙarfi, martaninsa ya daina bin gwargwadon abin da aka ba shi.

Shaidar da suka samu ɗan ɗigo ne a jikin farantin hoto. Da aka kai aikin mujallar Physical Review Letters, masu shirya bugu suka ɗauka datti ne, suka goge shi. Ranar da malaminmu ya nuna mana shafin a aji dariya muka yi ta yi, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Wannan hali na dutse shi ya zo ya cike giɓin. David Auston na Bell Labs ya nuna tun shekarun 1970 zuwa 1980 cewa gajeren bugun lesa na iya haifar da gajeren bugun lantarki mai saurin terahaz, Daniel Grischkowsky na IBM kuma ya mayar da shi kayan awo. Sai dai bugun ba shi da ƙarfi. Sauraro kawai ake yi da shi, ba ya iya sa dutse ya canza rawa.

Akwai wani kiristal, litiyam nayobet, da ya ƙware wajen mayar da hasken lesa ya koma terahaz, amma da matsala: a cikinsa hasken ya ninka igiyar terahaz gudu fiye da sau biyu, don haka abin da aka haifar a gaba sai ya riƙa kashe na baya. A 2002 János Hebling, ɗan ƙasar Hangari, ya kawo dabara mai sauƙin faɗa: a karkata goshin hasken da kusan digiri 63, yadda sashen gudunsa da ke fuskantar inda terahaz ta nufa zai yi daidai da nata. Shi ke nan fa. Zuwa 2011 masu bincike a Kyoto ta Japan sun haura bolt miliyan ɗaya a kowace santimita da wannan hanya.

Daga nan aka tashi daga sauraro aka koma ba da umarni. A 2013 rukunin Ryo Shimano a Tokyo suka girgiza wani abu mai wuce da lantarki ba tare da tirjiya ba, suka ga wata kaɗawa da masana suka daɗe suna hasashenta. A 2019 rukunin Keith Nelson a MIT suka bugi wani kiristal mai suna sitirontiyam taitanet. Shi wannan dutsen, in ana sanyaya shi, kamar zai rabe ya sami gefen caji mai kyau da mara kyau, amma ba ya ƙarasawa ko an kai shi ƙarshen sanyi. Da suka buge shi da terahaz sai suka ga alamar ya ƙarasa, na ɗan lokacin da bai fi kashi goma cikin tiriliyan na sakan ba. Na san wani zai ce to me amfanin abin da ko ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa? Masu neman ma'ajiyar kwamfuta mai sauri wannan gajartar ce ke burge su. Ni dai ina ganin a bi a hankali, domin har yanzu masanan suna gardama ko dutsen gaba ɗaya ne ya juya, ko 'yan wurare ne a cikinsa.

Kun san da me suka gane dutsen ya canza? Da ninkin hasken nan na Franken. Dutsen da tsarinsa yake daidai ta kowane gefe ba ya ninka haske, sai ya karkace yake yi. Wanda ya nemo mujallar 1961 ɗin zai tarar da kibiyar tana nan, tana nuna wurin da babu komai.